Daga Shafi Na Goma Sha Bakwai

Yaya,

In tambaye ki: mutum ya shekara uku yana rubuta abu ɗaya tak, aka nuna masa ƙofa biyu, aka ce in ya shiga ɗaya ɗayar ta rufe, ke wacce za ki ce ya shiga? Kar ki ce min in yi addu'a, na yi.

Yi haƙuri, ko gaishe ki ban yi ba. Ya aiki, ya marasa lafiyarki? Baba lafiya lau, yana bakin ƙofa da rediyonsa yana gyara wa masu labarai magana.

Na gama rubutun fim ɗin, shafi casa'in da shida. Labarin Baba ne. Direban bas da idonsa ke mutuwa a hankali, ya ɓoye wa kowa sai matarsa, ita kuma ta koma zama a kujerar gaba tana ce masa "rami a hagu", "mai keke a dama", fasinja suna zaton surutun mata da miji ne.

Gasa biyu ke buɗe. Na buga ƙa'idojinsu a shagonmu na bugu da ɗinkin littattafai da Oga ya fita, na bi su kalma-kalma. Ta farko babba ce, tallarta har a bakin tasha, wanda ya ci za a yi fim ɗinsa. Ba su faɗi alƙalai ba, "ƙwararru" kawai suka ce. Sharaɗi na tara kuma ya ce rubutun da ya shiga, ya ci ko bai ci ba, yana hannunsu shekara biyu. Ta biyun wasu malamai uku ne a wani ɗakin karatu. Ba fim, ba komai, sai su zaunar da kai su nuna maka kurakuranka. Ni da na koyi karatu a jikin littattafan da ake kawo mana ɗinki, kuskure zan je a nuna min? Wannan ai Oga na yi min kullum kyauta.

Ki ba ni amsa da wuri. Ki gaida mai gidan.

Ƙanenki

*

Auta,

Sallama da fatan alheri. Muna lafiya, sai gajiyar asibiti.

Ka riga ka zaɓa, so kake in sa hannu. To ba zan sa ba. Mu nan, maganin da ba a rubuta wanda ya haɗa shi a jikin kwalba ba, ko kyauta ne ba ma bai wa mara lafiya. Malaman nan uku sun sa sunayensu, in sun cuce ka ka san ƙofar da za ka buga. Waɗancan fa? Ka nemi wanda ya ci bara ka tambaye shi ina fim ɗinsa. Ka tambayi wanda bai ci ba me aka gaya masa. In ba ka samu ko ɗaya ba, ka samu amsarka ke nan.

Kuma ka rage zafin kai. Kai da ko gishiri aka ce ya yi yawa a girkinka sai ka kwana biyu ba ka magana.

Ka kula da maganin Baba. Allah ya yi jagora.

Yayarki

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na kai wa babbar.

Na ji maganarki, amma Baba shekara saba'in da huɗu gare shi. Takardar gyaran malamai zan karanta masa? So nake in zaunar da shi a gaban allo ya ji muryar wani yana faɗin maganarsa, in ce masa, "Baba, ga bas ɗinka nan."

Sun ce a kawo a takarda. Kowa ya zo da nasa an danna masa ƙusa a gefe kamar takardar jarrabawa. Ni kuwa sana'ata ce, na buga a manyan takardu, na naɗe shafi sha shida-sha shida, na ɗinke da zare, na sa bango mai kauri. Kwafi biyu na yi. Da ƙyar na kai kafin su rufe, Oga ya tsare ni da aikin kalanda. Ga ɗayan nan na aiko miki, ki karanta kar ki yi kuka.

Ƙanenki

*

Yaya,

Ina gaisuwa, amma yau ba ni da bakin doguwar gaisuwa.

Sun dawo min da rubutuna. Ban ci ba, ban ma shiga cikin ashirin ɗin farko ba. Wannan zan iya haɗiyewa. Ga abin da ya tsaya min a wuya. Sun haɗo da takardar sharhi, an rubuta: "Farkon ya yi kyau, amma hatsarin da aka rufe labarin da shi kowa ya san zai faru."

Hatsari, Yaya! Ke kin karanta. Wane hatsari? Mutumin da ya tsayar da mota da kansa a tsakiyar hanya, ya sauko, ya miƙa wa matarsa makulli ya ce ta nemo direba ya ƙarasa da mutane? Ko kaza ba a take ba a fim ɗin nan!

Na buɗe littafin don in ga ko shafukan wani aka haɗa min, sai ya ƙi buɗuwa. Kin san in an naɗe takarda an ɗinke, sai an kai injin yanka ya datse baki kafin shafuka su rabu. Kwafi ɗaya na datse. Ɗayan kuwa sha shidan farko kawai na tsaga da wuƙa don in duba bugu. Cikin sauri na aiko miki da datsattsen, na kai musu wanda ba a yanka ba. Daga shafi na goma sha bakwai har ƙarshe bakinsa a rufe yake yadda ya fito daga hannuna. Ba wanda ya sa masa wuƙa. Sun karanta sha shida, sun ga makaho da sitiyari, suka yanke masa hukunci kamar yadda 'yan tasha suka yanke wa Baba.

Na je ɗakin karatun nan. Sun rufe karɓa tun watan jiya. Ɗaya daga cikin malaman ya ce ko shekara mai zuwa ba za su iya karɓa ba, sharaɗi na tara ya ɗaure ni. Kar ki ce kin gaya min. Na sani.

Na rubuta wa masu gasar.

Ƙanenki

*

Zuwa ga mai shiga gasa, lamba 212,

Bayan gaisuwa, mun samu takardarka. Muna tabbatar maka cewa ƙwararru ne suka duba kowane rubutu bisa tsarin da kwamiti ya amince da shi. Gabatar da rubutu yadda zai karantu alhakin marubuci ne. Sharaɗi na tara yana nan daram.

Sai dai, duba da hazaƙar da ka nuna, kwamiti zai iya sanya ka cikin jerin farko na baɗi idan ka kawo gyararren kwafi, matuƙar wannan batu ya tsaya tsakaninmu.

Ka huta lafiya.

Sakataren Gasa

*

Auta,

Ina gaishe ka, ina kuma ba ka haƙuri. Na ga hoton takardar sakataren da ka turo.

Na karanta rubutunka sau biyu, kuma na yi kukan da ka hana. Wurin makullin nan ban san ka gani ba, ashe kana tsaye a bayan Inna ranar.

Yanzu ka saurare ni. Sun yi ƙarya, gaskiya ne. Amma kai ma ka kai wa mutane littafi a kulle. In ka fito fili da wannan za su fara, mutane su yi dariya, kuma rubutunka na hannunsu. Ka karɓi tayin baɗi. Ka yi shiru shekara ɗaya, ba mutuwa za ka yi ba. Baba kuma ba allo yake jira ba, ka zauna ka karanta masa da bakinka.

Allah ya sanyaya zuciyarka.

Yayarki

*

Zuwa ga Shugaban Alƙalan Gasa, ko wane ne kai,

Ina gaishe ka, tunda haka aka koya min. Wannan takarda na buga ta kwafi ɗari biyu don rabawa jama'a, yayata ta ce kar in yi, na yi.

Ni ne lamba 212. Laifina zan fara faɗa don kar ku wahala: na kawo muku littafin da ba a datse bakinsa ba. Wawanci ne, nawa ne. Da kun ce "ba ya buɗuwa, mun ajiye", da na sunkuyar da kai na tafi. Amma kun rubuta cewa kun ga ƙarshensa, har kun ga hatsari.

Jerin baɗi ku riƙe abinku. Jiya na karanta wa mahaifina takardar sharhinku. Ya ce, "Shekara talatin ina tuƙi ban taɓa kashe kowa ba, sai yanzu a takarda?" Kai za ka ba shi amsa.

Ranar ba da kyauta zan zo da shi, da littafin yadda kuka dawo da shi, da wuƙa. Ka hau mumbari, ka faɗi sunanka, ka yanke shafukan da hannunka a gaban duk wanda ya kawo muku rubutu. Sannan ka gaya mana da babbar murya: a shafi na nawa motar ta faɗi?

Mai ɗinkin littattafai