Ba Zan Daina Tausar Goɗiyar Ba

Zuwa ga Kaka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki, yaya mutanen gida da zafin Damagaram? Mu nan unguwar Shifa, a ƙasar Larabawa, lafiya lau.

Kaka, a bargar dawakin da Baba yake aiki akwai wata farar goɗiya da bayanta ya sage. Duk wanda ya danna wurin sai ta kai masa harbi. Ran Asabar na bi Baba, sai na tuna yadda kike yi wa masu jego tausa. Kina murza tafin hannu ya yi ɗumi, kuma ba kya fara taɓa inda ke ciwo. Na fara daga wuya, a hankali na gangaro. Sai ta sunkuyar da kai, leɓenta ya saki. Mudir ɗin wurin, wato manajan bargar, ya ce, "Mashallah, ya binti, 'yata, ki dinga zuwa."

Da Goggo Rabi ta unguwar Ulaisha ta ji, har gida ta zo. "Budurwa da warin doki? Wallahi aibi ne!" Yanzu Baba ya ce in dakata.

Kin san ba na iya magana cikin mutane. Amma na ce, "Goggo, aikin Kaka ne, ba abin kunya ba."

Don Allah ki kira Baba, ke kaɗai yake jin maganarki. Ni dai ran Asabar zan sa abayata in riga shi tsayawa bakin ƙofa.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida Inna Haule.

Jikarki,
Zulai