Ƙwan Kawu Sale a Gaban Fitila

Yaya Habu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya. Ya ƙafar Inna? Ya Hansatu da yara? Ni lafiya lau.

A kamfanin biskit na Bompai da Kawu Sale ya samo mini aiki, duba ƙwai aka sa ni. Akwai akwati mai fitila a ciki, in ka ɗora ƙwai a bakin raminsa sai ka ga cikinsa tar, ba a fasa ba. Har yau mamaki nake.

Ran Talata Kawu ya kawo ƙwansa da yake sayar wa kamfanin. Na haska, na ga jini a cikin da yawa daga cikinsu, na ware. Ya ce, "Kai Audu, kawo ruwa a ƙwarya a gwada irin na gida!" Na ce, "Kawu, ku leƙa da idonku." Ya ƙi leƙawa, wai na kunyata shi, ya rantse sai ya sa an kore ni.

Yaya, haƙuri zan ba shi, babba ne. Amma ko za a kore ni, ba zan ce ban ga jini ba.

Ka gaida Inna da mutan gida. Ku sa ni a addu'a, don Talatar nan ma zai kawo, kuma ni ne a kan akwatin.

Ƙaninka,
Audu