A Janye Takardar Zargin da Ke Fayil Ɗin Marigayi Bitrus

Zuwa ga Shugaban Kwalejinmu,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ne Hamidu na Lokuwa, maigadin ƙofar gaba, wanda kake yi wa hon kullum da safe. Na tsaya a aji biyar na firamare, to in ka ga rubutun ya karkace, daga tushe ne.

Zan fara da laifina. Ranar da 'yan bindiga suka shigo Mubi, ni da ake biya don in tsare ƙofa, ni na fara fita ta cikinta, da takalmi ƙafa ɗaya. Ina fita, Bitrus yana shiga. Bitrus ɗin da ka sani, tsohon sojan ruwa, mai kula da kwamfutocin kwaleji, wanda muke kira Kaftin ko da bai taɓa kai muƙamin ba. Bayan mun dawo, a teburin mai shayi ana ta yi mini tsiyar takalmi, sai na nemi in juya dariyar kan wani. Na ce a tambayi Kaftin, shi da ya shiga lokacin da kowa ke fita, ƙila ta kwamfuta suke gaisawa da mutanen. An yi dariya. Kwana huɗu bayan nan jami'an tsaro suka zo suka tafi da shi.

Ga abin da ya kai ni rubutu.

Na ɗaya. Kwanansa tara a tsare, aka sake shi ba a same shi da komai ba. Amma kafin ya fito, ofishinka ya riga ya rubuta takardar dakatar da shi, wai ana zarginsa. Masu bincike sun wanke shi, kwaleji ba ta wanke shi ba. Ya rasu bara, takardar tana nan cikin fayil ɗinsa.

Na biyu. Ka san abin da ya koma ɗauka. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ce, wani ƙarfe kamar sandar sabulu, ya kwance ta ya naɗe a singileti. A hanyar Sahuda, muna cikin gudu, na gan shi ya rungume ta, har na tambaye shi ko burodi ne. Ofishin ajiyar takardu ya ƙone ƙurmus, amma sakamakon ɗalibai na shekara da shekaru yana cikin ƙarfen nan, har da na 'yata Hadiza. Yau tana aiki da takardarta. Ni kuwa abin da na tsira da shi takalmi ne, shi ma guda.

Na uku. Manhajar da kuke fitar da sakamako da ita har gobe, shi ya rubuta ta. Ya taɓa gaya mini a jirgin ruwa ya fara koyon aikin, yana amai yana koyo. Shekara ashirin yana zuwa kafin bakwai, takalmi na ƙyalli, ya sara mini kamar ni ne babban hafsa. In kwamfuta ta ƙi aiki ba ya zaginta, sai ya ce ba ta ƙarya, abin da aka gaya mata take maimaitawa. Ashe mutanen gari ma haka suke.

Na huɗu, kuma shi ne na gaggawa. Ɗansa Ishaya yana neman shiga sojan ruwa. Ana so ya kawo shaidar hali daga unguwa, mai sa hannun kuwa ya ce ba zai sa ba muddin kwaleji ba ta janye zargin uban ba. Ƙarshen watan nan za a rufe karɓar takardu. Sau uku na hau ofishinka, sakatare yana cewa kana mitin. Ranka ya daɗe, ni ke buɗe wa motarka ƙofa, na san ranar da kake ciki da ranar da ba ka nan.

Roƙona biyu ne. Ka rubuta layi uku da hatimin kwaleji, ka ce Bitrus ba shi da laifi, a ba Ishaya kafin wata ya mutu. Sannan a karanta takardar a gaban ma'aikata, yadda aka karanta ta dakatarwar. In kuma ana neman wanda za a kora, kakina yana rataye a ɗakin gadi, na wanke shi na goge.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka daga bakin mutum irina.

Saura abin da ke kaina. Har yau Maman Ishaya ba ta san daga bakin wa maganar ta fito ba. Kowace Kirsimeti sai ta aiko mini da shinkafa da kaza, kuma ina ci. Ba na so ta ji a wurin wani, don haka kafin wannan takarda ta isa hannunka zan je gidanta in durƙusa in faɗa mata. Sau biyu ina kaiwa bakin ƙofar ina juyowa. Gobe Hadiza za ta raka ni, ta ce ita za ta yi sallama don kada in sake gudu.

Wassalam.

Hamidu Maigadi, Lokuwa, Mubi.