Wanda ya tsaya ya ɗauki yayana ba mai laifi ba ne

Zuwa ga mai girma shugaban jami'an da ke tsaron shingayen hanya a yankinmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da waɗanda ke aiki ƙarƙashinka. Sunana Idi, manomi ne ni a wani ƙauye na karkarar Tsarnawa. Na fito fili da maganata ne saboda na je buronku an ce in dawo, na dawo an ce kana taro.

Ranka ya daɗe, ga abin da ya faru. A kakar bara, da hantsi, maciji ya sari yayana Alasan yana roron wake a gonarmu. Muka ɗaure ƙafar, muka ɗora shi a amalanken jaki har bakin kwalta. Ranar ba ta kasuwa ba ce, motocin haya ba su da yawa, waɗanda suka zo kuma cike suke. Na ɗaga hannu har kafaɗata ta gaji. Cikin waɗanda suka wuce akwai motocin gwamnati, daga direba sai mutum guda a gaba, bayan kuwa wayam.

Wanda ya tsaya direban babbar mota ne mai ɗauke da siminti daga Malbaza, sunansa Mamman. Bai san mu ba, bai tambaye mu ko dala ba. Da hannunsa ya tallabi Alasan ya kwantar da shi a kujerar gaba.

A shingen farko jami'inku ya tsayar da mu. Ya ce motar kaya ba ta da izinin ɗaukar fasinja. Mamman ya nuna masa ƙafar da ta kumbura, ya rantse masa ba haya ya ɗauko ba, rage hanya ce kawai. Jami'in ya karɓe takardun motar, ya ce mu sauka. Alasan ya kwanta a inuwar wata bishiyar bedi yana ta zufa, jini ya fara fita a dasashinsa. Sai bayan azahar muka samu motar da ta kai mu asibitin Konni. Washegari Allah ya yi masa rasuwa. Ya bar mace guda da 'ya'ya, duk yanzu suna wuyana.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, ban kuma ce jami'inku ne ya kashe shi ba. Amma ina da magana.

Na ɗaya. Rage hanya ba sana'a ba ce, ba kuma sata ba ce. Tun muna yara haka ake tafiya a ƙasar nan. Mai raƙumi ya goya wanda ya gaji, mai amalanke ya ɗauki tsohuwa da damin itacenta. Da mota ta zo, hali bai canza ba. Idan akwai dokar da ta hana, a karanta mana ita a rediyo da Hausa mu ji. Idan babu, don me ake hukunta mutum a kanta?

Na biyu. Na yi ci-rani, na ga ƙasashe. A Najeriya na hau tirela kan buhuna tun daga Sakkwato, jami'ai na gani sai dai su ɗaga mana hannu, ko da yake na san wannan ma da hatsarinta. A gaɓar teku na ga manyan hanyoyin da aka hana kowa tsayawa a gefensu, amma can motar haya ba ta yankewa. Likitan da ya duba Alasan, a ƙasar Kuba ya yi karatu. Shi ya gaya mini cewa can hukuma da kanta ke ajiye ma'aikaci a bakin hanya, yana tsayar da motocin gwamnati masu wurin zama domin su ɗauki talakawa. Ya ce a wasu ƙasashen Turai ma har allo ake kafawa a inda mai neman a rage masa hanya zai tsaya. Mu nan ba a ba mu mota ba, kuma wanda ya taimake mu da tasa an kama shi.

Na uku. Na san halin tsaro da ake ciki, na san jami'anku na tsaye cikin rana saboda mu, wasunsu ma sun rasa rayukansu. Ku bincike kowa, ku nemi katin shaida, ku buɗe kaya. Amma mutumin da ba ya iya ɗaga kansa, binciken me ya rage a kansa?

Na huɗu, wanda ya fi ci mini rai. Mamman ya nemo ƙauyenmu ya zo ta'aziyya. Ya durƙusa gaban mahaifiyarmu yana neman gafara kamar shi ya yi laifi. Ya ce mai motar ya gargaɗe shi, in ya sake ɗaukar wani, to a bakin aikinsa. Labarin ya bazu a tashoshi. Yanzu daga Tsarnawa har hanyar Illela direbobi kau da kai suke yi idan sun ga hannu a sama.

Saboda haka ina roƙon ka umarci jami'anka kada a sake sauke marar lafiya ko mai naƙuda a shinge, kowace irin mota ta ɗauko shi. A bambanta mai haya ba izini da wanda ya taimaka don Allah. A kai maganar gaba, ko motocin gwamnati za su samu izinin tsayawa. A kuma kira Mamman a gaya masa a gaban mai gidansa cewa bai yi laifi ba. Ba na neman diyya, ba na neman a kori kowa.

In kana shakkar abin da na faɗa, ka ajiye kakinka da motarka rana ɗaya, ka zo mu tsaya tare a mararrabar ƙauyenmu, ka ɗaga hannu da kanka.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare ka da jami'anka, ya jiƙan Alasan da dukan musulmi.

Wassalam.

Idi, ƙanen marigayi Alasan.