Kabarin Da Na Nuna Wa Saje

Assalamu alaikum mai kula da wannan fili, da ku masu karatu, barkanku da war haka. Don Allah a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Na san halin wasunku, kafin su kai tsakiyar takarda sun riga sun yanke wa mutum hukunci sun tura shi wuta. Ina roƙonku ku karanta har ƙarshe tukuna. Ba zagi na rasa ba, ina yi wa kaina shi safe da yamma, shawara nake nema.

Ni haifaffen Zuru ne, amma shekara goma sha ɗaya na yi a Abuja ina dillancin gidaje da filaye, kuma can na koyi yadda ake kallon ƙasa. Na ga an toshe baranda an mai da ita ɗaki, na ga an sa ɗan haya a kicin, na ga 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya sun daina gaisawa saboda taku biyu na fili. Da rusau ya ci unguwar da nake, na kwaso iyalina muka dawo gidan mahaifina, kuma ba zan ɓoye muku ba, na dawo ina raina kowa da kowa. Mutum ne za ka gani zaune a kan filin da zai ɗauki ɗaki ashirin a bakin titi, ya shuka kuɓewa da dawa, akuyoyi suna yawo, yana jin daɗinsa. Ka tambaye shi takardar fili, ya ce kakansa ne ya sare dajin. Ka tambaye shi ina iyaka, ya nuna maka jerin bini-da-zugu. Wai shuka ce iyaka. Shukar da za ka sare reshenta ka soka a ƙasa, kafin sati biyu ta kama ta yi ganye kamar can aka haife ta. Wannan wane irin sakaci ne?

Maƙwabtanmu na hannun hagu Kiristoci ne, asalinsu Dabai, kuma irin wannan shingen ne kaɗai tsakaninmu tun kafin a haife ni. Tsohuwar gidan, Mama Rifkatu, ita ta karɓi haihuwata. Tuwon gidanta na ci fiye da na gidanmu, don uwata mai yawan ciwo ce. Ɗanta guda da ya rage shi ne Bitrus, soja, kowa Saje yake ce masa. Lokacin da Mama ta rasu an tura shi aiki ƙasar waje, ni kuma na zo gida hutun Sallah, saboda haka da hannuna aka haƙa kabarinta. A bayan gida suka sa ta kamar yadda suke yi, dab da shingen nan, aka tara duwatsu a kai, aka kafa bini-da-zugu guda a wajen kai. Daga nan aka kulle gidan. Saje ya dawo ƙasa ya zarce barikinsu a Legas, shekara bakwai bai leƙo ba, sai saƙon gaisuwa. Na sha faɗa wa mutane cewa ɗan da bai san hanyar kabarin uwarsa ba bai cika ɗa ba.

Da na dawo sai na lura ɗalibai da ƙananan ma'aikata suna ta yawon neman ɗaki a gari, babu. Na auna bayan gidanmu, ɗaki shida a jere zai shiga in da zan samu ƙarin taku uku. Taku ukun nan kuma yana bayan shinge, cikin ciyawar gidan da babu kowa sai gafiya. Da damina ta zauna na ɗauki adda na sare shingen, na matsa ciki taku uku na sake kafa shi. Kar ku ɗauka a ɓoye na yi. Da hantsi na yi, rana tsaka, mutanen unguwa suna wucewa suna ce mini sannu da aiki, wani har ya tsaya ya yaba yadda na miƙar da layin. Kun ga mutanen da nake gaya muku? Ana cin ƙasar maƙwabcinsu a gabansu suna yi wa ɓarawo sannu.

Na san kabarin ya faɗo cikin abin da na ɗiba. Ba zan ce na manta ba, ni na haƙa shi. Birkilan da na ɗauko, wani dattijo daga Dirin Daji, yana ja igiya ya zo kan duwatsun ya tsaya.

"Alhaji, wanga hwa kushewa ta. Ni ban haƙa nan."

Na ce wa ya ce ka haƙa? Na ce ya kwashe duwatsun ya zuba su a tushen gini, ya daidaita wurin ya malala siminti, a nan za a yi wa 'yan haya wurin wanka, ba ya bukatar rami. Ya daɗe yana kallona, sannan ya yi abin da na ce, ya gama aikinsa ya tafi, bai ƙara karɓar aikina ba. Ni kuwa na gaya wa kaina ai a Abuja unguwanni nawa ne ke zaune a kan maƙabarta, wa ya mutu? Na ce wanda ya tafi ya tafi, ƙasa ta masu rai ce. Har daɗi na ji da na ga ina da irin wannan tunani na wayayyu.

Bara sai ga labari Saje ya yi ritaya zai dawo gida. Kwana uku kafin ya iso na shiga gidansu da sunan share masa ciyawa. Na tara wasu duwatsu a gindin mangwaro, cikin sabuwar iyaka, na soka reshen bini-da-zugu a wajen kai, na watsa tsohuwar ƙasa don kar a ga sabo ne. Suka iso da motar kaya, da janareto, da matarsa mai tambayar ina famfo yake kamar a otal ta sauka, da 'ya'ya uku da ko sannu ba su iya da Hausa ba, balle yaren ubansu. Shi kansa ya rame, ciwon suga ya cinye shi, wuyan riga yana masa yawa. Ya rungume ni, ya ba ni agogon hannu da ya ce tun a ƙasar waje ya saya mini saboda abin da na yi wa Mama. Ya tsaya yana kallon bayan gida ya ce wurin ya yi masa ƙanƙanta, sai kuma ya yi dariya ya ce haka ne, komai babba ne a idon yaro. A raina cewa na yi, ka ji soja, an ba shi tsaron ƙasar wasu, bai san faɗin gidan ubansa ba.

Sannan ya ce in kai shi wurin Mama. Na kai shi gindin mangwaro. Ya durƙusa a gaban duwatsun da na tara ranar Talata, ya kifa goshinsa, yana magana da yarensu yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana ba ta haƙuri. Ni ina tsaye a bayansa da agogonsa a hannuna, kuma ta bayan shinge ina jin wani ɗan hayata yana wanka yana waƙa. Kunya ta kama ni? Ta kama ni. Amma ba ta hana ni dafa kafaɗarsa in ce ya yi haƙuri ba.

Kafin Kirsimeti ya sa aka gine wurin da siminti, aka kafa gicciye, aka shafa farin fenti, aka rubuta sunanta. Ya tara dangi aka yi addu'a. Cikin waɗanda suka zo har da ƙanwar Mama, wata tsohuwa daga Ribah da aka ɗauko a kan babur, idonta ya yi yana. Ta shafa ginin, ta ɗaga kai ta ji inuwa, ta ce ita dai ta tuna rana ta dake su ranar binnewa, babu itace a kansu. Aka yi dariya, aka ce mangwaron ne ya girma, tsufa ya fara taɓa ta. Ni na fi kowa dariya. Sauran da suka halarci binnewar kuwa, wasu sun mutu, fastonsu na lokacin an canza masa gari, waɗanda suka rage kuma irin mutanen nan ne masu sannu da aiki, aka nuna musu farin fenti suka ce tabbas nan ne.

Tun daga nan kullum da safe Saje yana fitowa da kujerarsa ya zauna a gindin mangwaro ya gaishe da duwatsu. Ruwan sabulun mutum shida kuma yana bi ta kan matar da ta yanke mini cibiya. Na daina bi ta bayan gidan. Na daina ɗaura agogon. Matata ta tambaye ni me ya sa, na ce yana ci mini hannu.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, makon jiya Saje ya aiko a kira ni. Ƙafarsa ta kumbura, likita ya gaya masa abin da ya gaya masa, kuma shi ba mai tsoron faɗin maganar ba ne. Ya sa na kama shi muka fita bayan gida, ya nuna mini wurin da ya bari a hannun daman ginin, daidai tsawon mutum.

"Ɗan'uwa, in na tafi, kai za ka tsaya. Yaran nan 'yan Legas ne, ba su san komai ba. Ban zo ta gan ni ba, ban zo na rufe ta ba. A sa ni kusa da ita, ko wannan in samu. Kai ne ka san inda take."

Na ce masa in sha Allahu. Wallahi haka na ce.

To ku gaya mini. In na buɗe baki, ba rushe wurin wanka da ɗaki biyu ne ya dame ni ba, wannan ko gobe sai in sa guduma. Amma guduma tana sauka unguwa za ta tambayi dalili, kuma a garin da masallaci da coci suke kallon juna shekara da shekaru babu abin da ya taɓa haɗa su, za a ji cewa Musulmi ya gina wurin wanka a kan kabarin tsohuwa Kirista. Wa zai tsaya ya ji cewa ba addini ba ne, haɗama ce ta mutum ɗaya? Shi kansa Saje, da wannan jikin, zai ɗauki labarin cewa shekara guda yana ba duwatsu haƙuri? In kuma na yi shiru, da hannun nan da ya haƙa na uwarsa zan haƙa nasa, in kwantar da shi kusa da babu kowa, mutanen da na raina su zo su ce mini sannu da ƙoƙari.

Shekaru ina cewa mutanen unguwarmu ba su san darajar ƙasa ba. Su dai ba su taɓa matsar da shingen kowa ba. Jiya da safe na hango Saje ta saman shingen, ya kasa ɗaukar kujerar, yana janta a ƙasa zuwa gindin mangwaro, ya ɗaga mini hannu.

Me zan yi?