Alawar da ke Durowar Keken Ɗinkina

Assalamu alaikum, mai wannan fili. Don Allah ki taimaki wani tsoho da shawara, kuma ki yi haƙuri da rubutuna, sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yamma na manya.

Ni tela ne, kuma kwanan nan bakina ba ya rufuwa don murna: 'yata tilo tana da juna biyu, cikin fari. Na riga na ɗinka 'yan riguna da ragowar yadi, har matata tana tambaya ko shago zan buɗe wa jaririn. In mace ce na yi amarya, in namiji ne na samu abokin tsokana.

To ga damuwar. Tun da cikin ya yi ƙwari take kwaɗayin zaƙi, alawa, biskit, cakulan, lemon kwalba mai sanyi. A wajen awo aka ce sukarin jininta ya fara hawa, ta kiyaye. Mijinta, yaron kirki, ya kwashe duk kayan zaƙi daga gidan, har gwangwanin sukari ya ɓoye. Amma shagona yana kan hanyarta ta dawowa daga aiki, kuma a durowar keken ɗinkina, inda nake ajiye allura da alli, ba a taɓa rasa alawa ba.

Lokacin da nake zuwa ajin yamman nan, 'yar tawa tana firamare. Ita ke duba mini aikin gida a kan teburin yanka, ƙafafunta suna reto ba sa kai ƙasa. Sai ta haɗe rai irin na malamai, ta ce harafina ya juya baya, in sake. In ta gama na buɗe durowa na ba ta alawa ɗaya ladan aiki. A nan na sa mata suna Malama, har yau haka nake kiranta.

Da ta yi aure sai gaisuwar waya. Ban ga laifinta ba, ga aiki ga gida. Amma yanzu kusan kullum da la'asar sai na ji sallamarta. Ta tuɓe takalmi, ta zauna a tsohon bencin nan, ta jawo durowa ba tambaya, tana tsotsa tana ba ni labari ina taka keke. Wallahi sai in ji kamar an dawo mini da shekaruna.

Mijinta bai san da zancen alawar ba. Jiya ya durƙusa yana gode mini wai ina kula da ita, na rasa inda zan sa fuskata. Ina tsoron in cuci jikana tun bai zo ba. Kuma in faɗi gaskiya, ina tsoron in na kwashe alawar, Malama ta daina biyowa. Yaya zan yi?

Tela mai jiran jika

AMSA

Wa alaikumus salam, Baba. Rubutunka ya fita tsaf, kuma ina taya ka murna.

Kwaɗayin mai ciki ba shagwaɓa ba ce, yana da ƙarfi, kuma hani na gaba ɗaya yakan sa mutum ya koma ci a ɓoye. A nan surukinka ya ɗan tsananta. Amma tsoronsa yana kan hanya. Sukari in ya hau a jinin mai ciki, jariri kan yi girma fiye da kima, haihuwa ta yi wuya. Don haka alawar kullum ta tsaya, lemon kwalba kuma shi ne farkon abin bari, don ya fi komai saurin ɗaga sukari.

Kada ka bar durowar fayau. Ka zuba gyaɗa ko dafaffen ƙwai, ka tanadi gwaiba ko kokwamba da ruwa mai sanyi, domin mai dawowa daga aiki yunwa ce ke fara kai ta ga zaƙi. Ta tambayi ma'aikaciyar awo ko za ta iya ɗanɗana kaɗan bayan abinci, da yawan da ba zai cutar ba. In ta huta, ka rufe keken ka taka mata zuwa bakin titi, tafiyar ma magani ce. Mijin kuwa ita ya kamata ta gaya wa, kai ka ƙarfafa mata gwiwa.

Saura tsoronka na biyu. Baba, alawa tana ko'ina, kowane kanti da ke hanyarta yana sayarwa, kuma ba wanda zai gan ta. Ta wuce su duka ta zo wurinka. Mace mai cikin fari tana da fargabar da ba ta faɗa, takan nemi inda ta taɓa zama yarinya. Kada ka kwashe alawar a ɓoye. Gobe in ta zauna, ka gaya mata abin da ka gaya mini, har da cewa kana kewarta. Ina zaton ba ta taɓa ji daga bakinka ba.

Allah ya sauke ta lafiya, ya ba ka tsawon ran goyon jikanka.