'Yar Gadin Gonar Baba

Daren Talata, ƙarshen damina, Sandamu

Alhamdu lillahi. Yau saura ƙiris in yi ɓarna da hannuna.

Kwana uku ina ganin wasu ƙananan tsuntsaye masu ruwan toka suna shiga gerona daga ɗan kurmin gefen gona. Wannan ne nomana na farko tun rasuwar Baba, ga gero ya fara ido, sai raina ya ba ni jan-baki ne, tsuntsayen nan masu cinye hatsi. Da hantsi na saɓa gatari, na ce yau sai na kwantar da kurmin nan.

A bakin gona na tarar da Gwaggo Hajo tana ɗibar tafasa. Ta dubi gatarin, ta ce, "Kai Sani, ka ga bakin tsuntsuwar kuwa? Zauna ka gani. Mai cin hatsi bakinta gajere ne mai kauri. Na wannan siriri ne kamar ƙaya."

Na zauna ina ƙunƙuni. Can sai ɗaya ta sauka kan zangarniya, ta zaro tsutsa, ta tashi. Ko ƙwaya ba ta taɓa ba. Kunya ta rufe ni.

Gwaggo ta ce ba ta san ainihin sunanta ba, amma Baba 'yar gadi yake ce mata, kuma saboda ita ya ƙi sare kurmin. Ni kuwa tuntuni na ɗauka ganda ce ta hana shi. Allah ya yafe mini, ya jiƙan Baba, ya saka wa Gwaggo da alheri.

Ashe ba gona kaɗai ya bar mini ba, har da masu gadinta.